Daga Yamai zuwa Jidda cikin jirgin sama

Kowace shekara, idan watan Zulƙida ya kama, maniyyata sukan taso daga Maraɗi da Damagaram da Tawa da sauran sassan ƙasar Nijar, su taru a Yamai, domin su shiga jirgin sama zuwa aikin hajji. Wasu jiragen Madina suke sauka, wasu kuma Jidda. Jidda babban birni ne a bakin Bahar Maliya, cikin ƙasar Saudiyya. Daga can zuwa Makka tafiyar kimanin kilometir 80 ce cikin mota.

Mutumin da bai taɓa hawa jirgi ba, tambaya biyu yake yi tun bai ɗaure kayansa ba. Wane irin nisa ne tsakanin Yamai da Jidda? Awa nawa za a yi a sama? Tambaya ta farko amsarta ɗaya ce, ba ta sakewa. Ta biyu kuwa, in an tambayi alhazai uku ana iya jin amsa uku, kuma babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu.

Yadda ake auna nisan

Duniya dunƙulalliya ce kamar lemo. Taswirar da ake ratayewa ga bangon aji kuwa shimfiɗaɗɗiya ce. Duk wanda ya ɓare lemo ya nemi ya shimfiɗa ɓawon bisa tebur, ya san sai ɓawon ya tsage, ko kuwa a ja shi ya miƙe. Haka masu zanen taswira suke yi wa duniya: sai sun ja wani wuri sun matse wani. Saboda haka taswirar bango ba ta ba da nisa na gaskiya tsakanin garuruwa masu nisa da juna. Abin da ya fi shi ne taswirar nan mai siffar ƙwallo, wadda ake juyawa da hannu.

A sami zare. A ɗora bakinsa ɗaya bisa Yamai, a danne da yatsa, a ja ɗaya bakin har Jidda, a ja shi sosai kada ya yi sako-sako. Inda zaren ya kwanta, nan ce gajeruwar hanya. Babu wata da ta fi ta kusa. Tsawonta a bisa duniyar gaske kimanin kilometir 4000 ne.

Wannan adadi yana da sauƙin riƙewa, domin kewayen duniya duka kimanin kilometir 40.000 ne. Wato wanda ya je Jidda ya ci kashi ɗaya cikin goma na kewayen duniya. In aka cire zaren nan aka riƙa maimaita shi bisa cikin ƙwallon, a karo na goma zai komo inda ya fara. Ba dace aka yi ba har kewayen ya faɗa bisa adadi mai kyau haka. A shekarar 1791 masana a ƙasar Faransa suka shirya a auna nisan da ke tsakanin ƙuryar arewa ta duniya da layin da ya raba ta biyu a tsakiya, a raba shi gida miliyan 10, gida ɗaya a ce masa metir. Daga jikin duniyar aka yanko ma'aunin.

Kilometir 4000 abu ne mai wuyar gani a zuci. Hanyar mota daga Maraɗi zuwa Damagaram kimanin kilometir 235 ce. Sai an jera irinta 17, baki da baki, kafin a kai Jidda.

Daga Yamai zaren gabas yake nufa, amma ya ɗan karkata arewa. Wannan karkata ba baƙuwa ba ce ga kowa, ita ce ta alƙiblar masallatai, domin alƙibla ma gajeruwar hanyar zuwa Makka take bi. Zaren yakan wuce kudu da Tawa kaɗan, ya bi arewa da Tanut, ya haye duwatsun Tarmit, ya shiga arewacin Cadi kusa da garin Faya. Tsakiyar tafiya ke nan. Daga nan ya shiga hamadar arewacin Sudan, ya ƙetare kogin Nilu, ya sake shiga hamada, ya ƙetare Bahar Maliya. Mafi yawan hanyar rairayi ne da duwatsu, babu gari babu gona.

Akwai wani abin mamaki da zaren nan yake nunawa. In aka bar yatsa bisa Yamai aka juya ɗaya bakin zuwa arewa, zai faɗa kusa da Pari, babban birnin Faransa. In aka juya shi arewa maso gabas, zai faɗa kusa da Istambul ta ƙasar Turkiyya. In aka sauko da shi gabas, zai faɗa kusa da Adis Ababa ta ƙasar Habasha. Duk birane huɗun nan, nisansu daga Yamai kusan ɗaya ne.

Tsakanin Yamai da Jidda, hanyar zare da miƙaƙƙen layin taswirar bango ba su bambanta da yawa ba. A arewacin duniya ne bambancin yake yin girma. Jirgin da ya tashi daga Pari zuwa gaɓar yammacin Amurka, ta bisa Girinlan yake bi, ƙasar ƙanƙara. A taswirar bango sai a ce ya yi ɓatan kai. Zare kuwa ya nuna hanyarsa ce ta fi kusa.

Lissafin lokaci

In an san nisa, aka san gudu, lokaci ba ya ɓuya. Nisan ake rabawa da gudun. Mai tafiya a ƙasa da yake cin kilometir 30 a yini, kwana 133 zai yi kafin ya cinye kilometir 4000, in bai huta ba ko kwana ɗaya. Motar da ke gudun kilometir 80 a awa za ta yi awa 50, in da akwai miƙaƙƙiyar hanya, in kuma ba ta tsaya ba. Babban jirgin fasinja kuwa, in ya daidaita a sama, yakan yi gudun kilometir 800 zuwa 900 a awa. A ɗauki 850.

Cikin awa 4 jirgin ya ci 850 sau 4, wato kilometir 3400. Saura 600. A minti ɗaya yana cin kilometir 14 da ɗoriya, don haka 600 ɗin nan za su ɗauke shi kimanin minti 42. Lissafi ya ba da awa 4 da minti 42.

Amma wannan lissafin allo ne. Jirgi ba ya tashi da cikakken gudu. Da farko yakan yi tafiya a hankali bisa ƙasa har bakin hanyar tashi, wani lokaci ya tsaya jiran izini. In ya tashi yakan yi minti 20 ko fiye yana hawa. A ɗaya gefen kuma, tun saura kimanin kilometir 200 yake fara saukowa yana rage gudu. Filin Jidda a lokacin hajji cike yake da jirage daga kowace kusurwa ta duniya, ana iya ce wa matuƙi ya yi ta kewaya har a ba shi hanya. In aka tara duka, tafiyar takan kai awa 5 da ƴan mintoci, ko awa 5 da rabi.

Me ya sa jirgi yake ɓata lokaci wajen hawa can sama? Domin can ne tafiya ta fi arha. Yakan hau metir 10.000 zuwa 12.000. Dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijar, cikin duwatsun Bagazan, tsawonsa metir 2022 ne, wato jirgin ya ninka shi sau biyar. A can iska ba ta da kauri, ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku na kaurin ta ƙasa ba. Jirgi yana ratsa ta da sauƙi, bai shan mai da yawa. Ƙura da hazo da yawancin gizagizai duk suna ƙarƙashinsa. Sai dai mutum ba zai iya rayuwa a cikinta ba. Sanyinta ya fi na ƙanƙara nesa, yakan kai digiri 40 ko 50 ƙasa da sifiri, ko da ana zafin bazara a ƙasa. Shi ya sa ake rufe jirgi ruf, injuna suna tura iska ciki domin fasinja su yi numfashi.

Iska

Babban abin da ke sa amsar alhazai ta bambanta shi ne iska. Yaron da ya taɓa tuƙa keke da hunturu ya san wannan. In ya nufi inda iskar take fitowa, sai ya yi ta fama kamar mai hawan tudu. In ya juyo, sai ta riƙa tura shi. Jirgin sama cikin iska yake iyo. Gudun nan na kilometir 850, gudunsa ne cikin iskar, ba bisa ƙasa ba. In iskar da kanta tana tafiya, sai a tara gudunta da nasa, ko a ɗebe.

A ce iska tana busawa daga yamma zuwa gabas da gudun kilometir 100 a awa. Jirgin da ya nufi Jidda zai riƙa cin 950 a awa, ya isa cikin awa 4 da minti 13. Wanda ya nufo Yamai zai riƙa cin 750 kawai, sai ya yi awa 5 da minti 20. Hanya ɗaya, jirgi iri ɗaya, amma bambancin ya fi awa guda. Kuma iska ba ta biyan bashinta duka. Zuwa da komowa cikin iskar nan awa 9 da minti 33 ne. In babu iska, kimanin awa 9 da minti 24 ne. Dalili shi ne jirgin ya fi daɗewa cikin iskar da ke tare shi bisa wadda ke tura shi.

Iskar can sama ba ita ce wadda ake ji a ƙasa ba. Da sanyi, lokacin da hunturu yake busowa daga arewa maso gabas yana cika gari da ƙura, can sama bisa Sahara iska mai ƙarfi daga yamma take zuwa. A lokacin nan zuwa Jidda ya fi komowa sauri. Da damina kuwa iskar sama takan juya, ta riƙa zuwa daga gabas. Hajji kuma ba ya tsayawa ga lokaci ɗaya, domin shekarar wata ta gaza ta rana da kimanin kwana 11. Wanda ya yi hajji da sanyi da wanda ya yi da damina, ba iska ɗaya suka tarar ba.

Saboda haka matuƙi ba ya tashi sai ya karɓi labarin iska daga ma'aikatan duba yanayi. Da shi ake lissafin man da za a zuba. Man jirgi dangin kananzir ne. Doka ta ce a ɗauki wanda zai kai jirgi inda za shi, da wanda zai kai shi wani fili dabam in an kasa sauka, da kuma na minti 30 a ajiye. Bisa hamada babu wurin tsayawa a ƙara mai, kuskuren lissafi a nan ba irin na aji ba ne da ake gogewa a sake. Don haka ne ma ake auna kayan kowane fasinja bisa sikeli, ko da ransa bai so ba: nauyi yana cin mai.

Yara da yawa sukan yi wata tambaya mai kyau. Tun da duniya tana juyawa, me zai hana jirgi ya tashi ya tsaya cik a sama, ya jira garin da yake so ya zo ƙarƙashinsa? Gaskiya ne duniya tana juyawa daga yamma zuwa gabas, kuma a daidai Yamai gudun juyin ya kai kilometir 1600 a awa. Amma iska tare da duniya take juyawa, da ita da duk abin da ke cikinta. Ƙudan da ke tashi cikin mota mai gudu ba ya buguwa da gilashin baya. Shaho ma in ya tsaya a sama bisa kasuwa, kasuwar ba ta gudu ta bar shi.

Akwai kuma hanyar da mutane suka shata. Sararin sama yana da iyakoki kamar ƙasa, jirgi ba ya shiga na wata ƙasa sai da izininta. A watan Afrilu na 2023 yaƙi ya ɓarke a Sudan, aka rufe sararin samanta. Jiragen da suka saba ratsa ta suka koma kewayawa ta arewa ko ta kudu, tafiya ta ƙara tsawo, mai ya ƙara yawa. Wanda kuma ya tafi ba lokacin hajji ba, sau da yawa sai ya sake jirgi a wani gari. In ta Adis Ababa ya bi, tafiyarsa ta zama kimanin kilometir 5400. In ta Istambul ne, 6400, ban da zaman jira a fili, wanda wani lokaci ya fi tafiyar kanta daɗewa.

Hanyar da

Kakanni ba su san wannan lissafi na awa da minti ba. Nasu na shekaru ne. Maniyyaci daga ƙasar Hausa yakan nemi gafarar dangi, ya bar wasiyya, ya kama hanya a ƙasa ko bisa jaki, sau da yawa da matarsa da ƴaƴansa. Yakan bi ta Barno, ya kewaye tafkin Cadi, ya shiga Wadai, ya wuce Darfur da Kurdufan, har ya kai kogin Nilu. Daga nan sai bakin teku, a Sawakin ko Bur Sudan, inda zai shiga jirgin ruwa ya ƙetare kimanin kilometir 300 zuwa Jidda. Hanyar nan ta fi ta zare tsawo ƙwarai, domin rijiyoyi da garuruwa take bi.

Ba tsawon hanya kaɗai ke cin lokaci ba, guzuri ne. In ya ƙare sai a yada zango, a yi noma damina ɗaya ko biyu, a yi ɗinki ko wanzanci ko ƙodago, a tara na gaba. Bayan da aka gama madatsar ruwa ta Sannar a 1925, mahajjata da yawa sun yi aiki a gonakin auduga na Jazira. Wani ya yi shekara uku kafin ya ga Ka'aba, wani bakwai. Wasu sun rasu a hanya. Wasu kuma sun zauna can, jikokinsu na nan a Sudan har yau suna jin Hausa. Garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu, sunan ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya ci, wanda ya kai jama'arsa can bayan yaƙin Burmi na 1903. A ƙarshen wannan shekara ce, cikin watan Disamba, wasu ƴan'uwa biyu a Amurka, Wilbur da Orville Wright, suka tashi da jirgi mai inji. Tashin farko daƙiƙa 12 ya yi, ya ci metir 37. Bai kai rabin filin ƙwallo ba.

Agogo biyu

Saura abu ɗaya da ke rikita masu tafiya da masu tarya, shi ne agogo. An raba kewayen duniya gida 360, kowane gida ana ce masa digiri. Duniya tana gama juyi ɗaya cikin awa 24, wato digiri 15 a awa, ko digiri ɗaya cikin minti 4. Garin da ya fi gabas shi yake fara ganin rana. Masu azumi sun san haka: Damagaram tana gabas da Yamai da kusan digiri 7, shi ya sa ake shan ruwa a Damagaram kusan rabin awa kafin a sha a Yamai, ko da yake agogon garuruwan biyu ɗaya ne.

Jidda tana gabas da Yamai da digiri 37. In aka yi 37 sau 4, an sami minti 148, kusan awa biyu da rabi ke nan a lissafin rana. Amma yawancin ƙasashe ba sa son ɓarin awa a agogonsu, sai aka tsaida bambancin a awa 2 cif. In ƙarfe 12 na rana ta yi a Nijar, ƙarfe 2 ce a Saudiyya. Pari kuwa, ko da yake nisanta ɗaya da na Jidda, arewa take sak da Yamai, don haka da sanyi agogonta ɗaya da na Nijar.

A ce jirgi ya tashi Yamai da ƙarfe 8 na safe, ya yi awa 5 da rabi. Agogon hannun maniyyaci zai nuna 1 da rabi, na bangon filin Jidda kuwa 3 da rabi. Shi yana shirin azahar, mutanen gari suna shirin la'asar. Ran komowa abin ya juya. In jirgi ya tashi Jidda da ƙarfe 8 na safe, zai sauka Yamai da 11 da rabi. Wanda ya dubi takardar jirgi bai san wannan ba, sai ya ce zuwa awa 7 da rabi ne, komowa 3 da rabi. A takardar jirgi, lokacin tashi na garin tashi ne, lokacin sauka kuma na garin sauka. Dangin da suka manta da haka, ko dai su yi ta zaman jira a fili, ko su tarar alhajinsu ya daɗe zaune bisa kayansa.

Alhajin Damagaram kuwa, saukarsa Yamai ba ita ce isowarsa gida ba. In jirgin ya bi hanyar zare, tun saura kimanin awa ɗaya ya sauka ya wuce saitin garinsu, kilometir 200 daga arewa. Yanzu sai ya koma da baya cikin mota. Daga Yamai zuwa Damagaram kimanin kilometir 900 ne ta Doso da Birnin Ƙonni da Maraɗi. In motar tana cin kilometir 65 a awa, har da tsayawar salla da ta cin abinci, sai ya yi kusan awa 14 kafin ya ga ƙofar gidansa.